Kombin Sale Mai Gado

Na san kuna min dariya a bayan idona. Wai Baba Ila ya tsufa ya rikice, ba ya shiga ƙarƙashin mota sai ya kori kowa daga ciki, ya girgiza giya da hannunsa, ya kulle ƙofa ya jefa makulli a aljihu. Shekaranjiya ma wani alhaji ya yi fushi ya ja motarsa don na ce ya fito ya tsaya a rana. Ya ja mana, gareji ɗaya ne a Jos? Ku kuwa da kuke ganin aikin wayarin ba komai ba ne illa a haɗa ja da ja, baƙi da baƙi, ku ajiye wayoyin nan naku ku matso. Labarin wata mota zan ba ku, kuma ba mai daɗi ba ne.

A Katako na koyi aiki, bayan rumfunan masu yankan katako, wurin wani Bayarabe da ake kira Oga Lasisi. Gajere ne, ba ya zagi, amma in ya kalle ka sai ka gwammace ya zage ka. Na daɗe a hannunsa ban taɓa komai ba sai wanke kan batir da ruwan zafi da kanwa, da hura gawayin da ake gasa ƙarfen narka dalma. Kayan aikinmu duka ba su cika kwalin sabulu ba: filaya, sukundireba, 'yan sifanu, samfefa, sai fitilar gwaji. Fitilar gwajin nan ƙwan fitilar mota ne aka liƙa masa waya biyu, shi ke nan. Babu na'urar da za ka soka ta karanta maka ciwon mota kamar yadda kuke yi yanzu. Idonka ne zai gaya maka. In ƙwan ya yi fari tas, wuta ta iso da ƙarfinta. In ya yi ja-ja, ta iso a gajiye. In bai kama ba kuwa ta tsaya a hanya, sai ka tashi nemanta.

Oga Lasisi yana da wata magana da ba ya gajiya da ita, da irin Hausarsa. "Ila, mota wanda ya mutu ba wahala. Wanda yana mutuwa yana tashi, shi za ka ji tsoro." A lokacin surutun tsofaffi nake ɗaukarta. Sai da ya sallame ni na kafa rumfata a bakin Anguwan Rogo, sannan na san abin da yake nufi.

Ƙarshen shekarun saba'in ne, sojoji na ta maganar miƙa mulki, mu kuwa ba ta wannan muke yi ba. Kamfanonin kuza sun fara naɗe tabarma, kullum sai ka ji an sallami mutane, kayan gyaran mota kuma sun yi ɓatan dabo a kasuwa. Sabon kik, abin da ke tada inji, ko a mafarki ba ka ganinsa. Buroshin cikin kik na babbar mota muke samu mu goge shi a kan siminti har ya shiga gurbin na ƙarama. Waya mai kauri ta ƙwarai sai wanda ya san wani. Abin da ke cike a shaguna wata siririya ce mai kyan roba, in ka feɗe ta tagullar ciki ba ta fi gashin jela ba. Mun ji jiki a wannan shekarar, masu mota sun fi mu ji.

A cikin waɗanda aka sallama akwai Sale Dogo, direban tifa, ɗan unguwarmu. Wani Bature da zai koma ƙasarsu ya sayar masa da kombi, irin mai inji a baya, wadda aka keto hamada da ita. Ba kujeru ne a cikinta ba, ɗaki ne. Ga gado da katifa a baya, ga kabad, ga ɗan tankin ruwa da wurin wanke hannu. Kowa ya ce masa ya ɓamɓare tarkacen nan ya jera benci ya shiga layin Bukuru kamar kowa. Sale ya ƙi. Ya ce unguwa guda babu motar da mara lafiya zai miƙe ƙafa a ciki, ga Allah ya kawo. Haka kuwa aka yi. Mai naƙuda, mai karaya, tsohon da ya ce a mai da shi ƙauyensu ya cika a can, duk Sale ake bugun ƙofa. Ranar da babu mara lafiya sai ya nufi wajen Kuru ya lodo dankali, ya cika sauran wurin da fasinja a ƙasa. Daga nan sunan Dogo ya ɓace, ya koma Sale Mai Gado. Shi da matarsa da 'ya'yansa da tsohuwarsa, duk a bakin motar nan suke ci.

Ranar da ya fara kawo min ita da hantsi ne, damina ta kankama. Ya sauko yana sosa ƙeya.

"Oga Ila, motar nan tana min wasa da hankali."

"Me take yi?"

"In na murɗa makulli, wani sa'in ta tashi, wani sa'in ta ce ƙas, wani sa'in ko ƙas ɗin ba ta cewa."

Na shiga na murɗa, ta tashi. Na kashe na sake, ta tashi. Na yi ta yi har na gaji, ko tari ba ta yi ba.

Sale ya riƙe baki. "Wallahi tallahi ɗazu a bakin asibiti sai da aka tura ni. Kunyarka take ji."

To ku saurara, don wasunku har yau kik kawai suka sani, ba su san abin da ke tashinsa ba. A bayan kik akwai wani abu kamar gwangwanin madara, shi ne solonoyid. In ka murɗa makulli, 'yar wuta kaɗan ce ke biyo ƙaramar waya ta zo ta same shi. Shi kuma sai ya fizgi ƙarfen da ke cikinsa, ya tura haƙoran kik su kama inji, ya kuma buɗe wa babbar wutar batir hanya. In 'yar wutar nan ta iso a gajiye, zai yunƙura ya kasa, shi ne ƙas ɗin da kuke ji. A kombi kuwa tafiyar da take yi ba kaɗan ba ce. Batir yana baya, makulli yana gaba, kik yana baya. Sai ta je gaba ta dawo, duk tsawon motar sau biyu. Duk inda aka sami tsatsa ko sako-sako a wannan hanya, nan za ta zube. Shi kansa kik ɗin yana ƙarƙashi, kusa da tayar baya ta dama, ba ka isa gare shi sai ka kwanta ƙasa ka tura ƙirjinka gaban taya.

Na fara da abin da ake farawa da shi. Na wanke kan batir, na goge, na ɗaure. Sale ya tafi, aka kwana biyu shiru, har ya aiko min da dankali wai na gyara. Ban gama cin dankalin ba ya dawo. Na sauke kik, na tarar buroshi ya ci, na goge na babbar mota na sa masa. Shiru kuma, sannan ya dawo. Na buɗe solonoyid, na juya tagullar ciki ta ɓangaren da bai ƙone ba, na goge da samfefa. Na kwance wayar nan mai kama da kitso da ke haɗa giyabos da jikin mota, na kankare ta har tana ƙyalli. Kowane gyara sai motar ta yi lafiya kamar ta warke. Masifar irin wannan ciwo ke nan. Ba ka san ko kai ka gyara ba, ko ita ce ta ga dama ta huta. Na ji haushin motar nan ƙwarai, har in na hango launin ruwan ƙwai ɗin nan nata ta kwanar masallaci sai gabana ya faɗi.

Abin da ya sa mutanen garin nan ba sa ɗaukar ciwon kik da zafi, tudu ne. A Jos Allah ya ba kowane direba kik na kyauta. Ka tsaya a gangare, in za ka tashi ka taka kuloci ka sake ta, ta ɗan gangara ka ɗaga ƙafa, ta kama. Saboda gangaren nan kuma muke da wata doka da ba a rubuta ba, amma kowa ya sha ta tun yana yaron mota: ba a barin mota a firi, wato babu giya. Hambirkin motocin lokacin ba abin dogaro ba ne. In ka tsaya, sai ka jefa ta a giya, ka sa dutse ko weji a bayan taya, sannan ka juya baya.

Wanda ya fi kowa riƙe wannan doka shi ne Baba Tanko. Tsohon direban kamfani ne, ido ya fara rauni ya ajiye tuƙi, kullum yana kan bencin rumfata da carbinsa yana gyara wa duniya zama. Rabin direbobin unguwa shi ya koya musu, har da Sale. Shi ya fara ɗora hannun Sale a kan sitiyari. In mota ta tsaya a gaban rumfa, kafin direba ya gama gaisuwa Baba Tanko ya leƙa ta taga ya taɓa giya. In ya same ta a firi, ranar mutum ya shiga uku. "Kai ɗan nan, uban wa ya koya maka tuƙi? So kake ta gangara ta kwashe 'ya'yan mutane?" Yana da dalilinsa. Yana saurayi ya ga tifa ta gangaro ba direba ta shiga kasuwa, bai taɓa gaya mana abin da ya gani a ƙarƙashinta ba.

Wata rana da azahar Sale ya tsaya gabana da fara'a, ya ce in daina wahalar da kaina, ya sami magani. Ya zaro dogon sukundireba daga ƙarƙashin kujera. Direbobin tasha ne suka nuna masa. In ta ƙi tashi kuma babu gangare, sai ya kunna makulli, ya sa ta a firi, ya kwanta ƙarƙashi ya haɗa babban ƙarfen solonoyid da ƙaramin da bakin sukundireba. Wuta ta tsallake duk doguwar hanyar nan, kik ya juya, mota ta tashi yana kwance a ƙarƙashinta.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Sale, wannan gwaji ne, ba magani ba. Mu da muke yinsa sai mun tokare taya gaba da baya. Kana tura ƙirjinka gaban tayar mota mai lodi kana tada inji?"

"Haba Oga, ni yaro ne? Firi nake sa ta, in sa dutse, in sauke kowa. Dabara ta rage ga mai shiga rijiya."

"To ai rijiyar ce ba na so ka saba da ita."

Ya yi dariya ya mai da sukundirebansa. Baba Tanko yana masallaci a lokacin, bai ji wannan zance ba. Sale kuma bai taɓa gaya masa ba, don ya san faɗan da zai sha.

Tun daga ranar na ƙudura sai na kama ciwon nan yana kan aiki. Na rufe rumfa wata Talata na bi shi ɗaukar dankali, fitilar gwaji a aljihu. Mun wuce Bukuru, inji ya yi zafi, mun sha ramuka, ya tsaya wani ƙauye ya kashe. Da aka gama lodi ya murɗa. Ƙas. Wallahi ban taɓa jin daɗin ƙarar lalacewa irin na ranar ba. Na ce kada ya taɓa komai. Muka tokare tayoyi, na duba a gindin makulli, ƙwai ya yi fari tas. Na shiga ƙarƙashi na ɗora a kan ƙaramar wayar solonoyid, na ce murɗa. Ƙwan ya yi ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Shi ke nan, ɓarawo ya shiga hannu. Kik lafiya, batir lafiya, makulli lafiya. Tsakanin gaba da baya wutar ke zubewa. Na bi wayar da hannu, sai na ga wani abin mamaki. Maimakon ta miƙe ta ƙarƙashi yadda aka ƙera ta, an huda daɓen motar an shigar da ita ciki, daidai ƙarƙashin gado da tankin ruwa.

Na ce, "Sale, sai an ɗaga gadon nan."

Ya girgiza kai tun ban rufe baki ba. Baturen da gam da ƙusa ya haɗa gadon da kabad da tanki, abu ɗaya ne. In aka ɓamɓare ba ya komawa. "Oga Ila, gadon nan shi ne sana'ar. In babu shi, ni da sauran masu kombi ɗaya muke, kuma sun fi ni kujeru."

Gaskiyarsa ce, ban ja ba. Na ce to a bar gado, zan ja sabuwar waya tun daga makulli har solonoyid ta ƙarƙashi, a bar tsohuwar ta ruɓe a inda take. Aikin wuni ɗaya ne. Matsalar ita ce wayar. Siririyar kasuwa in na sa, ciwon zan sake saya masa. Na yi yawo har ƙafata ta gaji, daga ƙarshe Oga Lasisi ya kai ni wani fili da aka jibge matattun motocin kamfani, muka zare mai kauri daga jikin wata tifa. Na naɗe ta na rataye a ƙusa a bakin rumfa, inda Sale zai gan ta duk sanda ya wuce.

Yana ganinta kuwa. Sai ya rage gudu ya leƙo da kai. "Oga, gobe in sha Allah!" Gobe ta yi, an kawo mai naƙuda. Jibi dankali ya yi araha, ba a bari. Gata tsohuwarsa ce ba lafiya. Ba ƙarya yake ba, mutumin da aka sallama daga aiki ba ya iya kallon motarsa a tsaye wuni guda. Amma da babu sukundireban nan, da tuni dole ta kawo shi. Dabarar ce ta sa ciwon ya daina yi masa zafi. Ya saba, har ya iya shiga ya fito kafin fasinja ya gama tsaki.

Ranar da abin ya faru ruwa ake tun safe, irin na watan Agusta mai shiga ƙashi. Bayan la'asar ina zaune na haɗa kai da gwiwa, sai ga wani direban tasi da yayan Sale, Malam Habu, a jiƙe sharkaf. Malam Habu bai yi sallama ba. Ya ce, "Ila, ɗauko kayanka. Sale ya rasu a hanyar Kuru, motar kuma an ce ba ta tashi." Na yi salati. Na ɗauki jakata, na fizgo wayar nan daga ƙusa, har yau ban san me na yi niyyar yi da ita ba.

A hanya mai tasi ya ba mu labari yadda matan da ke cikin motar suka ba shi. Sale ya taso da lodin dankali da mata uku 'yan kasuwa. Baba Tanko yana gaba, ya je gaisuwar mutuwa Sale ya rage masa hanya. A wani hawa bayan Kuru wata mata ta tsai da shi, ya taka birki, mota ta mutu. Ya murɗa, ƙas. Hancinta yana kallon tudu, ba mai tura ta sama da wannan lodi. Baya kuma ba a sakinta, don a gindin hawan akwai kwana, bayan kwanar tsohon ramin kuza ne cike da ruwa. Sale ya ja hambirki, ya sa firi, ya bar makulli a kunne, ya ɗauki sukundireba. Ya saba sauke kowa. Ranar ya dubi ruwan da ake zubawa, ya dubi tsoho da mata, ya ce, "Ku zauna abinku, kada ku jiƙe, yanzun nan za ta tashi." Ya sa dutse a bayan taya ya shige ƙarƙashi.

Baba Tanko bai ga shigarsa ba, gilashi duk ya yi hazo. A zatonsa yaron ya zaga baya ne ya buɗe inji. Sai ya ji motar ta ɗan motsa a kan dutsen. Ya kai hannu ya taɓa giya, ya ji ta a firi. Matan sun ce har faɗa ya yi: "Yaran nan ba sa jin magana." Ya tura ta giya ɗaya.

Dutsen a bayan taya yake, babu komai a gabanta sai Sale. Da ya haɗa ƙarfen, kik ya ja motar gaba. Mutanen ƙauye sun zo da gudu sun sauke buhuna, sun ɗaga ta da itace, amma kafin su jawo shi rai ya yi halinsa.

Mun tarar an kwantar da shi a ƙarƙashin wata rumfar masu tumatir, an rufe shi da zanen ɗaya daga cikin matan. Baba Tanko yana zaune a ƙasa cikin taɓo a gefen titi, ruwa na dukansa, babu hula a kansa. An yi an yi ya tashi ya ƙi. Bayan an gama da 'yan sanda, Malam Habu ya ce in yi abin da zan yi motar ta tashi, a kai shi gida kafin magariba. Na shiga na zauna a kujerar Sale. Na mai da giya firi. Kafin in buɗe jaka na ce bari in murɗa in ji. Bugu ɗaya ta tashi, lafiya lau, kamar ranar da aka ƙera ta. Na ji kamar in sauka in cinna mata wuta.

A kan gadon nan muka shimfiɗe shi. Ni na tuƙo, Malam Habu yana baya yana riƙe da shi saboda ramuka, Baba Tanko kuwa mai tasi ne ya ɗauko shi. Da muka shigo unguwa yara suka biyo mu da gudu suna "Sale Mai Gado! Sale Mai Gado!" yadda suka saba, sai da suka ga ni ne a sitiyari suka ja da baya.

Bayan sadakar bakwai Malam Habu ya kawo min motar. Iyali za su sayar, mai saye kuma benci yake so. Ya ce in ɓamɓare komai. Kafinta daga Katako ya zo da gudumarsa, kafin azahar gado ya zama itacen wuta. A ƙarƙashinsa na sami abin. Baturen ya yanke wayar kik ya shigo da ita ciki, ya sa mata wani ɓoyayyen makunni, irin na hana ɓarayi tada mota a hanyar hamada. Daga baya ya cire makunnin, ya murɗe bakin wayoyin biyu da hannu, ya naɗe da salatif, ko dalma bai ɗiga ba. Tankin ruwa yana ɗiga a kai shekara da shekaru. Da na warware, tagullar ta zama kore, tana marmashewa a yatsa. In an sha rami ko an danne gado ta saki, in mota ta huce ta zauna sai ta ɗan kama. Duk abin bai fi gaɓar ɗan yatsa ba. Na yanke shi, na ja sabuwar wayar, ban ko kai la'asar ba na gama. Motar nan ta yi shekaru a layin Bukuru bayan haka, ban taɓa jin an tura ta ba.

Baba Tanko bai sake zama a bencina ba sai sau ɗaya. Ya rame, carbin ma ba ya ja, yana riƙe da shi ne kawai. Babu wanda ya zarge shi a unguwa, tsohuwar Sale da kanta ta aika masa cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Bai hana shi daina fita ba. Ranar da ya zo na ɗauko guntun wayar nan na sa masa a tafin hannu, na ce, "Baba, ga abin da ya jawo. Wannan ne ya kai shi ƙarƙashin mota." Ya juya ta, ya kai kusa da idonsa, ya miƙo min abata. Ba ita ta kawo shi wurina ba.

Ya ce, "Ila, tambaya na zo yi maka, kuma don Allah kada ka lallashe ni. Kana zaune a mota. Tana kan tudu, direba ba ya ciki, mata a baya, rami a ƙasa. Ka ji ta motsa, ka taɓa ka ji firi. Me za ka yi?"

Ban lallashe shi ba. Ni ma a garin nan na tashi, shi ya koya mana.

Na ce, "Giya zan sa, Baba."

Ya mai da carbinsa aljihu. Sannan ya ce, "To." Ya dafa kafaɗata ya miƙe, ya tafi a hankali ta gefen kwata. Bai ga wata daminar ba.

Saboda haka in na ce mai mota ya fito, ya fito, ko alhaji ne, ko ruwa ake da ƙanƙara. Ba mugu nake tsoro a cikin mota ba, mai son taimako nake tsoro. Ku tashi, ga wata can an turo. Wanda zai shiga ƙarƙashi ya fara kawo min makullin.